Ƙarfen da Na Ɗaura a Idon Sawu

Tun da kuka yi wayo kuka tarar da ni a makarantar horar da kuratan 'yan sanda, ina koya wa yara yadda ake warware bindiga a mayar da ita, alhali waɗanda muka shiga aiki rana ɗaya da su suna ta hawa gaba. Babu wanda ya taɓa tambayata dalili a cikinku sai Usman, shi ma sai da zaman Ingila ya koya masa irin tambayar da mu ba ma yi wa iyayenmu. Muna shan shayi a flat ɗinsa na Withington ya ajiye kofi ya ce, "Baba, did you do something wrong?" Na ce masa bakina ba zai iya ba, amma zan rubuta. To ga shi, ku karanta ku duka.

Abin ya faru ne a shekarar da aka tura ni karatu Birmingham. A lokacin Nafisa kaɗai muke da ita, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mahaifiyarku ba ta zauna tare da ni a Birmingham ba, ta zauna a Longsight ta Manchester, a ɗakin sama na gidan Kawu Isaka, ƙanin mahaifiyarta. Mutumin Kumasi ne, ya yi shekaru yana kula da ma'ajiyar makamai ta 'yan sandan ƙasarsu kafin ya ajiye aiki ya zo Ingila ya buɗe ɗan shagon gyaran takalma da yankan makulli kusa da kasuwa. Hausarsa ta zango ce, babu ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne, har Nafisa. Ni kuwa daga Litinin zuwa Alhamis ina uni, wato jami'a, ranar Juma'a da sassafe in hau jirgin ƙasa in taho, in samu salla a masallacin bayan layinsu.

Wata biyu da zuwana maigidana a wurin aiki, Oga Ɗanlami, ya kira ni. Shi ne shugaban sashenmu na farin kaya, kuma shi ya tsaya mini har na samu karatun. Kafin in taso mun yi rashin Sajan Habu, abokin aikina na shekara shida. An tare shi a cikin mota, aka zare bindigar da ke ƙugunsa kafin ya motsa, aka kashe shi da ita. Wannan mutuwa ta tsaya wa Oga a rai, ni ma haka.

"Garba," ya ce, "ina son kowane yaro nawa ya samu ta biyu, ƙarama, a ɗaure a idon sawu inda ba mai gani. In an ƙwace ta ƙugu, akwai wata. Kai kana ƙasar da suka san kan abin. Nemo mana wadda ba ta da kauri, kuma ba ta lalacewa. Ka rubuto mini sunanta da sa hannunka."

"An gama, Yallaɓai," na ce.

Na ɗauka aikin mako biyu ne. Abin da ban lissafa ba shi ne na zo neman bindiga a ƙasar da ɗan sanda ke yawo hannu rabbana. Na san haka a takarda, amma gani da ido daban ne. Nakan tsaya a tashar bas ta Stockport Road in bi ƙugun kowane ɗan sanda da kallo: ga ankwa, ga rediyo, ga ɗan kulki, ga gwangwanin barkonon tsohuwa, babu bindiga. Daga ƙugu sai idona ya sauka ƙafa, ko a can suka ɓoye. Wata rana wata 'yar sanda, mace mai ɗan shekaru, ta kama ni ina kallon ƙafarta. Kunya ta rufe ni, na yi sauri na gaya mata ni ma ɗan sanda ne daga Najeriya, na kuma tambaye ta ina bindigarta. Ta yi dariya ta ɗaga ƙafar wandonta, sai safa mai zanen kyanwa. Ta ce akwai masu bindiga, sashensu daban, in abu ya ɓaci kiransu ake yi. Na ce in an kai mata hari kafin su iso fa? Ta ce shekararta goma sha tara a aiki, bakinta ne ya fi fitar da ita. Na koma gida ina jujjuya maganar. Ban yarda da ita duka ba, don titinta ba irin namu ba ne, amma ta sa ni son sanin ƙarin abu.

Wani malaminmu ne ya haɗa ni da wani tsoho mai suna Derek a tsohuwar unguwar maƙeran bindiga ta Birmingham. Shagonsa ƙarami ne, yana warin mai da tsohon katako. A ƙasar an hana farar hula riƙe fistol, don haka duk waɗanda ke wurinsa kasassu ne, an toshe bakinsu, sai dai a taɓa a ji nauyi. Da na gaya masa abin da nake nema ya fito mini da uku ya jera a kan ƙyalle. Ta farko siririya ce mai jikin roba, ba ta fi kaurin ɗan littafi ba, ba ta da nauyi. Ta biyu ita ma siririya, amma ƙarfe ce zalla irin ta dā. Ta uku libarba ce mai cin harsashi biyar, farin ƙarfe da ba ya tsatsa, gajeriya, sai dai tana da tumbi a tsakiya inda harsasan ke zama. Hannuna ya tafi kai tsaye kan ta farko. Derek ya girgiza kai ya ce kowa ita yake fara ɗauka. Ya ce in tuna idon sawu shi ne wuri mafi datti a jikin namiji: ƙura, ruwan kwata, gumi, zaren safa, duk can suke taruwa, kuma bindigar da ke can takan yi wata ba a duba ta ba. Siraran nan suna da sassa masu zamewa da ke son tsabta, in datti ya shiga sai su cije. Libarba kuwa ba ta da wayo, shi ya sa ba ta cika ba mutum kunya ba. Na auna kowacce a ma'auninsa, na gwada tsawo da kauri, na rubuta a littafina.

Ranar Asabar na baje littafin a gaban Kawu Isaka a shago. Ya sa tabarau ya duba, ya ture shi gefe.

"Surukina, ka taɓa ɗaura ko ɗaya a ƙafarka?"

"A'a, Kawu."

"To me za ka rubuta wa mutane? Bindiga a tebur kowane ya yi kyau. Kai za ka zaɓa, wani zai ɗauka daga safe har yamma. Ka ɗauka tukuna."

Na ce ai ba dama a nan. Ya ce shi bai ce bindiga ba. Ya je wurin wani abokinsa mai walda a Moss Side ya sa aka yanko masa guntayen ƙarfe uku, kowane daidai nauyi da kaurin ɗaya daga cikin waɗanda na auna, na ukun har da tumbinsa. Ya hana a yi musu siffar bindiga ko kaɗan.

"Nan ba zango ba ne," ya ce. "In police ya ga abu mai kama da pistol a ƙafarka, degree ɗinka ya ƙare, visa ya ƙare. Wannan in an tambaya, ka ce exercise kake yi."

Sannan ya zauna a kan kekensa ya ɗinka kube na fata, ya sa masa soso ta ciki da maɗauri mai zagaya ƙwauri, da ɗan harshe mai maɓalli da ke rufe ƙarfen ta sama. Tunda ni da hannun dama nake aiki, ya ɗaura mini shi a ƙafar hagu ta ciki. Ya ce kowane ƙarfe mako uku, kuma kada in cire sai wanka da barci.

Ban taɓa sanin ƙafata ba sai a waɗannan makonni tara. Kwana biyun farko tafiyata ta canja, ina jan hagu kamar mai ciwon ƙugu, har mahaifiyarku ta ce in tsaya ta yi mini booking wurin GP, wato likita. Na gano in na zauna a bas na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wando yakan ja sama ya tona asiri. Na gano in na gudu don in cim ma jirgi, ƙarfen na biyu yakan daki ƙashin ƙafata ta dama har ya yi shati. Ruwan Manchester kuwa, wanda ba ya gajiya, ya shiga kuben, cikin kwana goma ƙarfen ya yi ja da tsatsa ya ɓata mini safa uku. A ɗakina na Birmingham nakan gwada zarowa: a tsaye sai na durƙusa na ja wando da hannu ɗaya, abin yana ɗaukar lokaci, a zaune kuwa, kamar mutum a mota, hannu na sauka yake samunsa. Ranar da na gano haka na daɗe zaune ina tunanin Habu.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki babu shi a cikin duk takardun Turawa da na karanta, domin waɗanda suka rubuta su ba sa alwala. Mu sau biyar a rana muke cire takalmi mu wanke ƙafa har idon sawu. Ko dai ruwa ya jiƙe kuben, ko ka kwance shi ka ajiye a gefe. Na kama kaina sau biyu na bar shi a kan dakalin wurin alwala na uni, sai da na sa takalmi na ji ƙafata ta yi sakayau na koma da gudu. Ga kuma zaman tahiya: ƙafar hagu takan shige ƙarƙashin ta dama, sai abin ya juyo sama ya tokare ƙwauri, wando ya janye, duk wanda ke sahun baya yana gani. Wani ɗalibi ɗan Katsina ya taɓa jana gefe bayan salla ya tambaye ni a hankali ko kotu ce ta ɗaura mini abin nan da ake sa wa masu laifi. Na yi dariya har da hawaye, na shigar da abin cikin littafi. Na kuma tuna mu mutanen tabarma ne: a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke gaisuwa, a ƙasa muke zaman makoki, ƙafa a miƙe ko a naɗe. Duk wannan na rubuta, ina jin daɗin kaina, kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa.

A ƙarshen mako na takwas na riga na yanke shawara a raina. Libarba ce. Ta fi sauran kauri, gaskiya, amma tumbinta yakan kwanta a ɗan kwarin da ke bayan ƙashin sawu, ba ta da kusurwa mai cin fata, kuma ita ce za ta jure ƙurarmu da ruwan buta. Kawu ya yarda. Saura mako ɗaya in rubuta.

Ranar Lahadi ce, da la'asar. Kawu ya fita, mahaifiyarku tana kicin tana dafa wake da shinkafa irin nasu na Ghana, ni na shimfiɗa darduma a falo. Nafisa tana gefe tana wasa da murfin tukunya. Na kai zaman ƙarshe, ina cikin tahiya, sai na ji ɗan hannu mai ɗumi a ƙwaurina. Ban motsa ba, ai ta saba hawa bayana ina salla. Sai na ji "ɗas". Maɓallin nan ne da Kawu ya zaɓo mai tauri, wanda ni kaina sai na sa babban yatsa da ƙarfi. Na ji ƙarfen yana zamewa daga kuben a hankali, na ji ƙafata ta yi sakayau. Ban san yadda na ƙarasa ba. Da na yi sallama na juya, ga ki nan, Nafisa, zaune daɓas, kin riƙe shi da hannu biyu, kin sa ƙarshensa a baki kina tsotsa, kina yi mini dariya.

Mahaifiyarku tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zare ƙarfen daga hannunki, ta share miki baki da gefen mayafinta, ta ɗauke ki ta goya. Sannan ta dube ni.

"Malam, wadda za a ba yaran naku, da harsashi a ciki za su riƙa yawo da ita?"

"Dole. In babu harsashi ba ta da amfani."

"Tana da abin kullewa?"

"Irin wannan ba ta da shi. Kunama kawai ake ja."

"Su kuma a ɗaki ɗaya suke da iyalinsu a bariki, ko an canja?"

Ba a canja ba. Na san ɗakunan nan, a cikinsu muka fara aure. Tabarma ɗaya, katifa ɗaya, yara huɗu ko biyar suna rarrafe tsakanin ƙafafun manya, babu ko akwati mai makulli. Bindigar ƙugu a ofis ake karɓa a mayar in an tashi. Wannan kuwa dukkan hikimarta ita ce kada ta rabu da mutum. Na yi mako takwas ina nazarin ƙura da tsatsa da gumi, ban taɓa tambayar kaina wane ne tsayinsa ya yi daidai da idon sawu ba.

Da Kawu ya dawo aka gaya masa, ya ɗauki kuben ya buɗe maɓallin ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ya ce zai iya ƙara masa tauri, amma in ya yi taurin da yarinya ba zai iya buɗewa ba, mai shi ma ba zai iya ba a lokacin da rai ke hannun Allah. Ya ce a shekarunsa na ma'ajiya ya karɓi bindigogin da aka dawo da su bayan irin wannan ya faru da bindigar gaske.

Rahoton da na aika shafi goma sha ɗaya ne. Shafin farko ya ce ga wadda na zaɓa, ga dalili. Sauran goman suka ce kada a raba ta sai an cika sharuɗɗa: a ba waɗanda aikinsu na zaman mota ne kaɗai, ba kowa ba, a kafa akwatin ƙarfe mai makulli a ɗakin duk wanda zai je gida da ita, da wani a wurin alwalar ofis, a horar da su zarowa da ajiyewa kafin a damƙa musu. Na rubuta labarin Nafisa a ciki, ban ɓoye ba.

Oga ya kira bayan kwana huɗu, ina cikin jirgi tsakanin Birmingham da Manchester.

"Garba, shafin farko ya yi. Sauran ka cire. In na kai wa na sama maganar akwatuna da horo, za su ce a kafa kwamiti, shi ke nan an binne ta. A fara samo bindigogin, sauran ma bi a hankali."

"Yallaɓai, in suka iso ba za a bi ba. Ni da kai mun san haka."

"Yarana ake kashewa."

"Na sani, Yallaɓai. Yaransu nake tunani."

"Sa hannu a shafi ɗaya ka aiko mini."

Na ce ya yi haƙuri, ba zan iya ba. Ya ce ya gode, ya kashe. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Amma a aikinmu ba a ce wa wanda ya ɗaga ka a'a a zauna lafiya. Ba tare da sa hannun wanda aka tura bincike ba maganar ta tsaya cak, kowa kuma ya san wanda ya tsayar da ita. Tun kafin in dawo gida takardar canjin wurin aikina ta riga ni isa, kuma a makarantar nan na zauna har na yi ritaya.

Akwai sauran abu ɗaya, shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai mahaifiyarku. Saura mako uku mu taso, ina kasuwar Longsight da rana ina zaɓar kuɓewa, wayata ta yi ƙara. Oga ne, karo na farko cikin wata biyar. Muryarsa ta dishe. Ya ce an kashe Kofur Sale jiya, a cikin mota, an zare ta ƙugunsa. Na san Sale, ni na koya masa rubuta rahoto. Na ajiye kwandon na koma gefen wani shago na jingina da bango.

"Ba don in zarge ka na kira ba," in ji Oga. "Kai ka yi binciken. Ina son ka gaya mini gaskiya. Da tana ƙafarsa, da ya tsira?"

Da na ce sai Allah, da ya karɓa, kuma ba ƙarya ba ce. Amma ba abin da ya tambaya ba ke nan. Na tambaye shi a wane gefe Sale yake zaune, ta wace taga suka zo, su nawa ne, hannayensa suna ina. Ya ba ni amsa ɗaya bayan ɗaya. Na rufe ido na zaunar da kaina a kujerar, na saukar da hannuna kamar yadda na yi sau ɗari a ɗakina.

"Ajali ba ya wuce lokacinsa, Yallaɓai," na ce. "Amma in don dama ce, da ya samu dama."

Na ji numfashinsa a waya. Mutane suna wuce ni da jakunkunan cefane, wata mata tana yi wa ɗanta faɗa da Turanci.

"To yanzu za ka sa hannu?"

"A kan goma sha ɗayan, ko yau. A kan ɗaya, a'a."

"Allah Ya ji ƙan Sale," ya ce.

"Amin, Yallaɓai."

Sale ya bar mata da 'ya'ya uku. Da muka sauka gida, kafin in je gaida mahaifiyata, gidansu na fara zuwa.